SARKI LUDWIG NA BIYU: SARKIN DA GINI YA RABA DA RAWANI

Yau za mu yi nisan zango, don kuwa ƙasar Jamus muka nufa.

Da wuya a ce mutum bai taɓa ganin hoton wata farar fada mai dogayen hasumiyoyi masu tsini ba, tana zaune a kan ƙololuwar dutse, bayanta manyan tsaunuka ne lulluɓe da ƙanƙara. Ana yawan buga ta a jikin kalanda da katin gaisuwa, har wasu kan ɗauka zane ne kawai na masu hikima. To gini ne na gaske. Yana can kudancin Jamus a jihar Bavariya, dab da iyakar Ostiriya, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Füssen. Sunan fadar Neuschwanstein, su masu abin suna faɗinsa kamar Noishbanshtain, wanda kuwa harshensa ya ƙi sai ya yi haƙuri ya ce fadar Ludwig, kowa zai gane. Sarki Ludwig na Biyu ne ya gina ta, kuma wannan gini da 'yan'uwansa biyu su ne suka raba shi da sarauta, daga bisani aka tsinci gawarsa a cikin ruwan da bai wuce ƙugu ba.

An haifi Ludwig ran 25 ga watan Agusta 1845 a fadar Nymphenburg da ke birnin Munik. Gidansu, wato gidan Wittelsbach, tsohon gidan sarauta ne, tun 1180 suke riƙe da Bavariya. A lokacin babu wata ƙasa guda mai suna Jamus, masarautu ne barkatai kowa da sarkinsa, manya daga ciki su ne Furusiya a arewa da Ostiriya a kudu, Bavariya kuwa tana biye da su. Ya ci sunan kakansa, Ludwig na Ɗaya, wanda ranar haihuwarsu ta zo ɗaya. Wannan kaka shi ma mayen gini ne, shi ya ƙawata Munik, amma a 1848 ya sauka daga gadon sarauta bayan mutanen gari sun tayar da ƙayar baya saboda wata 'yar rawa, Lola Montez, da ta shiga ransa har ta fara sa baki a harkar mulki. Sai ɗansa Maximilian na Biyu, mahaifin Ludwig, ya hau.

Ludwig da ƙanensa Otto sun tashi ne cikin horo mai tsanani. Karatu tun da asuba, abinci ƙididdigagge, kuɗin kashewa kaɗan, uban kuma ba mai jan 'ya'ya a jiki ba ne. Inda yaron kan sami sakewa shi ne Hohenschwangau, wata tsohuwar fada a gindin tsaunuka wadda uban ya sabunta, suke zuwa hutun bazara. Bangon ɗakunanta cike yake da zanen tatsuniyoyin Jamusawa na dauri, musamman labarin wani jarumi, Lohengrin, wanda aka ce ya zo ceton wata gimbiya a cikin kwalekwalen da wani farin tsuntsun ruwa ke ja. Tsuntsun dangin dinya ne, sai dai ya fi ta girma da tsawon wuya, Jamusawa suna ce masa Schwan, kuma ga sunansa nan a cikin sunan fadojin biyu. Yaro ya girma yana kallon waɗannan zane-zane, yana kuma hangen wani kango a kan dutsen da ke daura da gidan. Yana da shekara 15, a 1861, aka kai shi kallon wasan kwaikwayo na waƙa da wani mawaƙi, Richard Wagner, ya tsara a kan labarin Lohengrin ɗin nan. Daga ranar Wagner ya zama gwaninsa.

Ran 10 ga Maris 1864 uban ya mutu bayan 'yar gajeriyar jinya, sarauta ta faɗo kan Ludwig yana ɗan shekara 18. Dogo ne, ya haura ƙafa 6, ga baƙin gashi mai laushi, ga kyau. Mutanen Munik suka yi ta murna sun yi saurayin sarki. Amma ba a koya masa mulki ba, kuma abu na farko da ya sa a gaba shi ne a nemo masa Wagner. A lokacin Wagner yana da shekara 50, yana ta ɓuya daga masu bin sa bashi. Sakataren sarki ya bi sawunsa har Stuttgart ya kawo shi, suka gana a farkon watan Mayu. Sarki ya biya masa basussukansa, ya ba shi gida da albashi. Shi kuwa gogan naka bai san ya isa ba, ya yi ta facaka da kuɗi, ya shiga tsoma baki a zaɓen ministoci, ga kuma zancen da ya cika gari na tsakaninsa da matar abokin aikinsa. Mutane suka tuna da Lola Montez. A watan Disamba 1865 dole sarki ya ce masa ya bar Munik. Duk da haka bai daina tallafa masa ba, da rancen Ludwig aka ƙarasa babban gidan wasan Wagner na Bayreuth wanda aka buɗe a 1876, kuma har yau ana taruwa a can duk shekara.

Abin da ya karya masa gwiwa da gaske yaƙi ne. A 1866 Furusiya, ƙarƙashin dabarun Firayim Ministanta Bismak, ta gwabza da Ostiriya a kan wa zai shugabanci Jamusawa. Ludwig ba ya son yaƙin, ana tsakiyar rikici ma sai ya tafi wani ɗan tsibiri a tafkin Starnberg ya ɓuya wa ministocinsa. Bavariya ta bi bayan Ostiriya, cikin mako 7 aka ci su. Aka ɗora mata tarar gulden miliyan 30, aka kuma sa ta rattaba hannu a asirce cewa duk ranar da yaƙi ya tashi, sojojinta suna ƙarƙashin Sarkin Furusiya. Bayan yaƙin ya zagaya lardunan arewa da suka sha wuta, jama'a suka tarbe shi hannu bibbiyu, kuma wannan ne rangadi na farko kuma na ƙarshe da ya yi a ƙasarsa.

A watan Janairu 1867 aka yi masa baiko da 'yar'uwarsa Sophie, ƙanwar Elisabeth matar Sarkin Ostiriya, wadda ita ce aminiyarsa tun ƙuruciya. An shirya komai, har keken dokin ango na zinariya. Ya ɗaga ranar aure, ya sake ɗagawa, da mahaifin yarinya ya matsa sai ya fasa a watan Oktoba. Bai taɓa yin aure ba har ya mutu. Masu tarihin da suka duba littafin sirrinsa sun ce zuciyarsa ba ta karkata ga mata ba, abin kuma ya dame shi matuƙa saboda riƙonsa da addininsa na Katolika.

Sai yaƙin Faransa na 1870, inda sojojin Bavariya suka bi Furusiya kamar yadda aka yi alkawari. Da nasara ta samu, Bismak yana son a naɗa Sarki Wilhelm na Furusiya ya zama sarkin sarakunan Jamus duka, amma yana son roƙon ya fito daga bakin babban sarki irin Ludwig. Shi Bismak ɗin ya rubuta wasiƙar, Ludwig ya kwafa da hannunsa ya sa hannu ran 30 ga Nuwamba 1870. Wilhelm ɗin kuwa dangin mahaifiyarsa ne, don ita gimbiyar Furusiya ce. Daga baya ta fito fili cewa Bismak ya riƙa aika masa kimanin mark 300,000 duk shekara daga wani asusun ɓoye. Wanda ya yi zirga-zirgar wasiƙar shi ne shamakin sarki, Holnstein, kuma yana da nasa ushirin a cikin kuɗin. A riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi. Ran 18 ga Janairu 1871 aka yi naɗin a fadar Versailles ta Faransa. Ludwig ya ƙi zuwa, ya tura ƙanensa Otto da baffansa Luitpold.

To daga nan ne mutumin ya juya wa duniya baya. Sarauta ta zama ta suna, a sama ga Barlin, a gida ga tsarin mulki da majalisa da ministoci. Shi kuwa irin sarautar da yake mafarki ita ce ta Louis na 14 na Faransa, wanda maganarsa ita ce doka. Da ya ga ba zai samu ba, sai ya shiga gina ta da dutse da siminti.

An aza harsashin Neuschwanstein ran 5 ga Satumba 1869, a kan kangon nan da yake hange yana yaro, bayan an fasa kan dutsen da nakiya an baje shi. Wanda ya fara zana siffar ginin, Christian Jank, sana'arsa zanen labulen dandalin wasan kwaikwayo ce, sannan aka miƙa wa magini Eduard Riedel ya san yadda zai yi abin ya tsaya. Shi ya sa fadar ta yi kama da ta tatsuniya. A ido kamar ta shekara 700 ce, amma a ciki akwai ruwan famfo, da bututun iska mai ɗumi don hunturu, da makewayi mai kora da kansa, da ƙararrawar lantarki ta kiran bara, har da tarho. Kimanin ma'aikata 200 ke aiki kullum, in sarki ya ƙosa a ƙara hannu a kwana ana yi da fitila. Shekaru da yawa wannan gini shi ne babban mai ba da aiki a yankin, abin da ya sa talakawan wurin suke ƙaunarsa.

Bai tsaya nan ba. Ya gina Linderhof a cikin wani kwari, ƙarama ce, kuma ita kaɗai ya ga kammaluwarta. A can ne ya sa aka yi masa kogon dutse na ƙirar hannu da tafki a ciki, ana haska shi da lantarki mai canja launi tun 1878, lokacin da manyan biranen Turai ke fama da fitilar gas. Akwai kuma teburin cin abinci da ke nutsewa ta ƙasan ɗaki zuwa madafa, a shirya shi a turo sama, don kada ya ga fuskar mai kawo abinci. A can kusa da fadar ya kafa wani ɗaki irin ginin Maroko da ya sayo daga bajekolin Faris. A 1878 kuma ya fara Herrenchiemsee a wani tsibiri, kwafin Versailles, wadda ta fi sauran cin kuɗi. Kwanansa a cikinta bai wuce 10 ba.

Daga wajen 1875 kusan ya daina fitowa bainar jama'a. Ya mai da dare rana, ya tashi da magariba, tsakar dare ya fita yawo cikin duwatsu a keken doki, in lokacin ƙanƙara ne a wani keke marar ƙafa da ke sulɓi. Yakan tsaya a bukkar manomi ya sha ruwa ya bar kyauta mai tsoka. Daga 1872 zuwa 1885 an yi masa wasa sama da 200 a gidan wasan Munik shi kaɗai, kujeru duk wayam, don ya ce ba ya son a riƙa kallonsa maimakon a kalli wasa. Jakadun ƙasashe su zo su koma ba su gan shi ba. Sai dai a faɗi gaskiya, takardun mulki ana kai masa har cikin duwatsun, yana karantawa yana sa hannu a kan kari.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke kuskurewa. Ludwig bai taɓa baitulmalin ƙasa ba. Da kuɗin da doka ta yanka wa gidan sarauta yake ginin, kimanin mark miliyan 4 da rabi a shekara, da abin da Bismak ke aikowa, sauran kuma rance. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma nasa ya fi ƙarfin ciki, zuwa 1885 ya kai mark miliyan 14. Neuschwanstein kaɗai, da aka yi wa ƙiyasin miliyan 3 da ɗoriya, ta haura miliyan 6 ba a ko gama ba. 'Yan kwangila suka fara barazanar kai ƙara kotu, wanda ke nufin ana iya ƙwace kayan sarki a yi gwanjonsu. Shi kuwa yana ta zanen wata sabuwar fadar a dutsen Falkenstein, yana ba da umarni a je neman rance wurin sarakunan duniya, har da na Farisa da na Santambul. Bismak ya ba shi shawara ya kai kukansa majalisa. Ministoci suka ƙi, shi kuma ya fara maganar zai sallame su duka.

Nan fa ake yin ta. Firayim Minista Johann von Lutz da abokansa suka ga in ba su riga shi ba zai riga su. Tsarin mulki bai ba da hanyar tuɓe sarki don bashi ba, amma ya yarda a naɗa mai riƙon ƙwarya in sarki ya kasa mulki saboda ciwo. Ga shi kuma ƙanensa Otto ya daɗe da samun taɓin hankali, yana tsare a fadar Fürstenried. Aka sami yardar baffa Luitpold. Holnstein, shamakin nan, shi ya taimaka wajen tattara bayanai daga barorin gida: wai sarki yana hira da mutanen da ba a gani a wurin cin abinci, wai yana sa a yi wa bara bulala ko a kore shi daga ƙasa kan ƙaramin laifi, wai ya sa a je a fasa banki. Ran 8 ga Yuni 1886 likitocin ƙwaƙwalwa huɗu suka sa hannu cewa sarki ya haukace, haukan da ba ya warkewa. Babbansu Bernhard von Gudden, wanda ke duba Otto, ɗaya daga cikin sauran ukun kuwa surukinsa ne. Ba wanda ya duba majinyacin a cikinsu. Shi Gudden ɗin sau ɗaya ya taɓa ganawa da shi, shekara 12 kafin nan.

Mu dai a namu ganin, mutumin yana da halaye na ban mamaki, ya wulaƙanta barorinsa, ya kuma yi sakaci da haƙƙin jama'ar da ke son ganin sarkinsu. Amma hukuncin da masu tsoron rasa kujera suka nema, aka gina shi a kan tsegumin bayi, likita bai ko taɓa jijiyar hannun mutum ba, wannan ba a kira shi binciken asibiti. Wani babban likitan ƙwaƙwalwa na Jamus, Heinz Häfner, ya sake bin takardun ya fitar da littafi a 2008, inda ya nuna babu hujjar irin haukan da aka laƙaba masa.

Da asubahin 10 ga Yuni tawagar gwamnati ta iso ƙofar Neuschwanstein don kama shi. Ashe wani mai tuƙa keken dokin sarki ya riga su da labari. Suka tarar da 'yan sandan yankin da 'yan kwana-kwana da manoma sun tare ƙofa, wata dattijuwa mai sarauta kuma ta hau manyan mutanen nan da duka da lema. Sarki ya sa aka tsare su, Holnstein na ciki, amma kafin yamma an sake su. A ranar aka yi shelar Luitpold a Munik. Bismak ya aiko masa cewa ya tafi Munik ya nuna kansa ga jama'a da majalisa, masu ƙaunarsa suka ce ya tsallaka Ostiriya, ga iyaka nan kusa. Bai yi ko ɗaya ba. Cikin daren 11 wayewar 12 ga wata Gudden ya dawo da ma'aikatan asibitin mahaukata, suka kama shi, suka kai shi fadar Berg a bakin tafkin Starnberg, inda aka riga aka huda ƙofofi don leƙensa.

Washegari Lahadi, 13 ga Yuni 1886, bayan ƙarfe 6 na yamma, ya fita shan iska a bakin tafki tare da Gudden, ba mai gadi ko ɗaya a bayansu. Ƙarfe 8 ta yi ba su dawo ba, ga ruwan sama. Aka bazama nema da fitilu, can wajen ƙarfe 11 aka ga gawarwakinsu biyu a ruwa kusa da gaɓa. Agogon sarki ya tsaya a ƙarfe 6 da minti 54. A fuskar likitan akwai ƙujewa da alamar duka. Gwamnati ta ce sarki ya kashe kansa ne, likita ya mutu garin hana shi. Mutanen duwatsu ba su yarda ba, suka ce gwanin iyo ne, ruwan kuma iya ƙugu, wasu suka ce gudu ya yi niyyar yi aka harbe shi, wasu suka ce sanyin ruwa ne ya tsayar masa da zuciya bayan kokawa. Ya mutu yana da shekara 40. An binne shi a cocin Mika'ilu da ke Munik, zuciyarsa kuwa aka sa a tulun azurfa aka kai Altötting, kamar yadda al'adar gidansu take. Otto ya gaji sunan sarki yana tsare, Luitpold ya riƙe mulki har ya mutu a 1912, a 1918 kuma sarautar Bavariya ta ƙare gaba ɗaya.

Fadar da ya gina don kada kowa ya shiga, ran 1 ga Agusta 1886, mako 7 da mutuwarsa, aka buɗe ta ga duk mai kuɗin tikiti. Shi kansa kwana 172 ya yi a ciki, kuma bai san ta da wannan suna ba, bayan ransa aka raɗa mata. Wagner da aka ƙawata bangon da labaran wasanninsa ya mutu a 1883 bai taka cikinta ba. Danginsa suka biya bashin a hankali, kuɗin masu ziyara na taimakawa. A Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi sun mai da ita rumbun ɓoye kayan tarihin da suka wawuso daga Faransa, bom bai taɓa ta ba. Kamfanin Disney ya ɗauki siffarta ya yi fadar da ke filin wasansa na Amurka a 1955. Kafin annobar korona ta 2020 tana samun baƙi kimanin miliyan 1 da dubu 400 a shekara, da bazara har 6,000 a rana guda. A watan Yuli 2025 hukumar UNESCO ta sa ta, tare da Linderhof da Herrenchiemsee da ɗan gidansa na dutsen Schachen, cikin wuraren tarihi na duniya.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, daga Munik jirgin ƙasa zai hau zuwa Füssen, tafiyar kamar awa 2, sai bas zuwa ƙauyen Hohenschwangau. Daga nan hawa ne na minti 30 zuwa 40 a ƙafa, mai ciwon gwiwa ya nemi keken doki. Tikiti da lokacinsa yake zuwa, in ka makara ka yi asara, kuma zagayen cikin bai fi rabin awa ba, don cikin ɗakuna kusan 200 da aka tsara, kimanin 15 kawai aka gama. Za a nuna maka ɗakin kwanansa da gadon katako mai sassaƙa kamar hasumiyoyin coci, da zauren mawaƙa a bene na sama, da zauren gadon sarauta mai kama da cocin Rumawa, inda matakalar farin dutse ta hau zuwa wurin da za a ajiye karaga, amma wurin fayau yake, don ya mutu ba a ƙera ta ba. Hoton nan na kalanda kuwa daga wata siririyar gadar ƙarfe ake ɗaukarsa, Marienbrücke, mai sunan mahaifiyarsa, wadda ke rataye kimanin mita 90 a kan kwazazzabo.

A tafkin Starnberg an kafa gicciye a cikin ruwa daidai inda aka tsinci gawar, da ƙaramin coci a tudun da ke sama, kuma duk shekara a tsakiyar watan Yuni masu ƙaunarsa kan taru a wurin. An sha roƙon gidan Wittelsbach su bari a buɗe akwatin gawar a duba ko akwai raunin harsashi, ba su yarda ba.